Zan turo BMW gida daga Beljiyam, ku ba ni shawara

Sani Buruksel: Assalamu alaikum Maradawa na gida da na waje. Shawara nake nema, amma don Allah kada a fara mini da "sayi Corolla". Na ga wata BMW 335d ta 2008 wajen wani dattijon Bature a Liyej, fes da ita, kilomita 190,000 kuma ga takardar Car-Pass da ta tabbatar da haka. Yuro 8,000 yake so. Abin da ya karya mata farashi shi ne tun 1 ga Janairun 2022 an hana irin wannan motar gazuwal mai lambar hayaƙi Euro 4 shiga cikin Buruksel, shi kuwa 'ya'yansa da likitansa duk can suke. Doki 286 gare ta. Ranar Asabar muka tsallaka Jamus ta Aachen muka hau inda babu iyakar gudu, na taka ta har 230, wallahi kamar kana zaune bisa tabarma, ko shayin da ke kofi bai motsa ba. Ina so ta riga ni isa gida, aurena bayan babbar Salla ne. Tambayata uku: ta wace tasha zan turo, nawa duwan za ta ci, kuma asirans ɗina na nan zai yi aiki a gida ko kuwa?

Alhaji Idi Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Yaro, ka ce kada a ce Corolla, to ban ce ba. RAV4 ni ka cewa. Wanga doki 286 naka ina za shi sukuwa? Daga Tibiri zuwa Gidan Rumji kowane gari da tudun rage gudu nai, ga awaki, ga amalanke, ga 'yan kabu-kabu da ba su san birki ba. In ka kai 100 ka yi hamdala.

Ɗan Damagaram: Ku bar shi ya kawo. Mu nan muna buƙatar abin kallo. In ta maƙale a yashin Zariya sai mu turo muku jakai biyu daga Zinder su ja ta.

Sani Buruksel: Kai dai ba ka rabo da tsiya. Alhaji, Allah ya ƙara girma, na ji. Amma shekara tara ina wanke tukwane da jan kwalaye a ƙasar sanyi. Sau ɗaya a rayuwa mutum ya shiga unguwarsu da abin da ransa ke so, laifi ne?

Rabi'u Lome: Ba laifi ba ne, kuɗinka ne. Bari in amsa ta farko tunda sana'ata ce. Da can ba a ma tambaya: mota ta tashi daga tashar Anbers, ta sauka Kwatano, a bi Paraku, Malanbil, a tsallake gada a shiga Gaya, daga Doso a karya gabas sai Maradi. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wannan hanya ta toshe. CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, namu bai buɗe ba. Shi ya sa kaya suka koma Lome. Daga nan sai Sinkase, Wagadugu, Kaya, Dori, Tera, Yamai, kuma tsakanin Kaya da Tera ba a tafiya sai an tara motoci sojoji sun yi rakiya. Kana iya kwana da kwanaki kana jiran ayari ya cika. In ka iso Yamai kuma da sauran kilomita wajen 660 kafin ka ga ƙofar gidanku. Shawarata, irin wannan mota mai ƙasa-ƙasa kada a tuƙo ta, a ɗora ta bisa babbar mota. Direbobin da ke kawo motoci ba mugaye ba ne, amma ka ba matashi doki 286 da hanya dogo, ka san sauran.

Rabi'u Lome: Ta biyu kuma, duk wanda ya yanke maka kuɗin duwan a nan cikin hira ba tare da ya ga takardun motar ba, labari yake ba ka. Ba abin da ka ce ka saya kaɗai suke kallo ba, suna da tasu ƙima, su ƙara kuɗin jirgi a kai, sannan haraji ya hau, TVA kaɗai 19 cikin 100 ce. Turo mini hoton kart giriz da lambar shasi in sa a yi maka lissafi, a duba har da maganar shekarunta, kafin ka ba Baturen nan ko dala. Yuro 8,000 ɗinka a kan sefa 655.957 kowane Yuro, miliyan biyar ne da jika ɗari biyu da hamsin, kusan. Wannan kuɗin saye ne kawai, ba ta ko ga ruwan teku ba.

Illo Makanise: Yaya Sani, ni ne za ka kira ranar da ta tsaya, don haka ka saurare ni. Injin nan na sani, silinda shida, turbo biyu, inji ne na ƙwarai, ba na kushe shi. Amma an yi shi ne don gazuwal mai tsabta da hanya mai tsawo. Tana da wani mataci a bututun hayaƙi da ke tare baƙin toka, ba ya ƙone tokar sai an yi doguwar tafiya inji ya yi zafi. Kai kuwa daga Ali Ɗan Sofo zuwa babbar kasuwa, daga kasuwa zuwa gidan surukai, wata biyu ya toshe, fitila ta kunna, mota ta ƙi wuce gudun adaidaita. Ga injekta masu tsada da ba su jure ruwa ko ƙura a cikin mai. Rana ɗaya wani ya ce bari in ɗan zuba na bidon a gefen hanya, shi ke nan.

Na biyu, buɗe but ɗinta ka duba. Babu tayar safaya. Irin tayar da ake ci gaba da tafiya bayan ta fashe ce suka sa mata, ka yi ɗan kilomitoci ka isa gareji. Can da kowane lungu akwai gareji dabara ce mai kyau. Nan in ƙusa ta shige ta a Gazawa, wa zai ba ka irinta? Ko batir ka canja sai an haɗa ta da kwamfuta an gaya mata an canja. Bara wata irinta ta yi wata huɗu a garejina tana jiran wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, aka nema a Kano babu, sai daga Dubai. Kaji har ƙwai suka yi a ƙarƙashinta.

Habu Grinsboro: Ni ban yarda da wannan tsoratarwar ba. Haka aka ce mana lokacin da motoci masu giya otomatik suka fara shigowa, yau ga su ko'ina. In kowa ya ce sai abin da makanise ya riga ya sani, har abada Starlet za mu yi ta ja. Illo, ka sayi kwamfutar ka koya mana. Sani, in ma gudu kake so ka zo nan Amurka, a gwanjon Copart za ka samu mai esans, wadda ba ta da wannan matacin, da araha.

Illo Makanise: Kwamfuta ina da ita tun kafin ka tafi, Habu. Kayan gyara ne babu. Kuma motocin gwanjonku na gani. Bayan ambaliyar Harvey ta 2017 a Houston an yi ta kawo mana masu ƙyalli a waje, ka ɗaga kafet ka tarar da laka ta bushe, wayoyi sun yi kore.

Habu Grinsboro: Wannan wanda bai duba ba ne. Lambar shasi, wato VIN, harafi 17 ce, ka sa ta a shafin tarihin motoci na Carfax ta faɗa maka ko ta taɓa nutsewa. Wanda ya sayi mai takardar salbej, wato shaidar ta taɓa yin mummunar lalacewa, da ido rufe shi ya so.

Rabi'u Lome: Ku dai bar ta Ingila da Japan, sitiyarinsu a dama yake, mu kuma dama muke bi. Wuce tirela a hanyar Konni da irin wannan sai addu'a.

Hadiza Yamai: Ƙanena Sani, tambayarka ta uku kowa ya tsallake, ita ce kuma aikina shekara goma sha biyu. Asirans ɗinka na Beljiyam ba zai bi ka gida ba. Koren katin asirans ɗin nan da ake ba ku iyakarsa Turai da 'yan ƙasashe irin su Maroko da Tunisiya, Nijar ba ta ciki. Kuma ka san a Beljiyam lambar mota ta mutum ce, ba ta mota ba, Baturen zai cire tasa ya riƙe. Don haka asirans uku ne a gabanka, ba ɗaya ba. Na kai ta tashar jirgi, in tuƙa ta za ka yi da lambar wucin gadi. Na teku, wanda mutanenmu suka fi rainawa. A Maris ɗin 2019 jirgin Grande America ya kama wuta ya nutse a gaɓar Faransa da motoci wajen dubu biyu a cikinsa, a 2022 Felicity Ace ya bi shi da kusan dubu huɗu. Wanda bai yi na teku ba, abin da kamfanin jirgi zai ba shi bai taka kara ya karya ba. Sai na uku, na gida.

Na gida dokar CIMA ce ke tafiyar da shi, wato dokar asirans da wasu ƙasashen Afirka suka haɗu a kai, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, Nijar na ciki. Wanda yake tilas shi ne na wanda ka buge: mutum, dabba, motar wani, katangar wani. Motarka ba ya gyara ta, kuma direban da ya yi laifi ba ya cikin waɗanda ake biya. In kana so a gyara taka sai ka sayi babban, kuma da wuya kamfani ya yarda ya yi wa motar 2008 shi. Kuɗin yana hawa da ƙarfin inji, don haka lita uku ba za ta biya kuɗin Corolla ba. Kuma tun gyaran da aka yi wa sashe na 13 a 2011, babu bashi: ba ka biya ba, babu asirans, ko da takarda na hannunka.

Malam Laminu: Hajiya, Allah ya saka. Sai dai kada a wuce ba a faɗi hukunci ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce asirans na kasuwanci akwai garari, wato rashin tabbas, a cikinsa, bai halatta ba, wanda ya halatta shi ne na taimakekeniya, wato takaful. Na tilas ɗin da hukuma ta ɗora, malamai da yawa sun yi rangwame saboda lalura. Amma a ce mutum ya je da ƙafarsa ya ƙara na teku da na kaza, nan ina da ja.

Hadiza Yamai: Malam, Allah ya gafarta, ba zan yi jayayya da ku a fiƙihu ba. Ni dai abin da nake gani a ofis nake faɗa. Wanda aka buge ba shi ya zaɓi a buge shi ba.

Malam Laminu: A kan wannan ba mu saɓa ba. Haƙƙin wanda aka buge yana wuyan mai mota ko da asirans ko babu. Tsorona shi ne matasa su ɗauka takardar ta ɗauke musu alhaki, su taka yadda suka ga dama.

Sani Buruksel: To ni wata ɗaya kawai zan yi. In yi na wata uku, in na tashi komawa in rufe ta da tampol a gida, shi ke nan ai.

Kawu Mamman Liyon: Sani ɗana, tun ɗazu ni ka karatu ban ce komi ba. Wagga magana taka ta ƙarshe ita ta sa ni rubutu, don da bakina na taɓa yin ta.

A 2016 na turo Marsandi, ba ta kai taka gudu ba amma tana da nata. Kart giriz da sunana. Na yi asirans na wata uku, na yi hutuna, na rufe ta da tampol, na ba tsohuwa makulli na ce a ɗaura a bakin zane. Ka san gida. Yau an ce ƙanwarka na naƙuda da dare, a kai ta likita. Gobe an ce ai mota in ba a tada ta batir mutuwa ya kai. Jibi abokin ƙanena na aure a Tasawa, kunya ce a ce ga mota a gida a tai da haya. Wa zai hana? Tsohuwa ba ta iya cewa a'a ga autanta.

Suna dawowa daga Tasawa, kusa da Cadawa, ranar kasuwa, magariba ta yi, wannan lokacin da ba rana ba dare. Amalanke na gabansu ba fitila. Ƙanena ya ce bai gan ta ba sai da ya ga idon sa. Sa guda ya mutu nan take, ɗayan anka yanka. Yaron da ke korar su, shekarunshi sha uku, cinya ta karye biyu. Da jandarmomi sunka zo sunka amshi takardu, asirans ya ƙare da kwana goma sha ɗaya. Kwana goma sha ɗaya, Sani.

Ni ina cikin sito a Liyon ina aikin dare, ƙarfe biyu waya ta yi ƙara. Na zauna bisa kwali ina jin kukan tsohuwa, shugaban aiki na yi mini nuni da agogo. Sunana ne a takarda, don haka ni aka nema. Na biya shanu biyu, na biya amalanke, na biya aikin ƙafa har sau biyu don na farko bai kama ba. Uban yaron mutumin kirki ne, ya ce ƙaddara ce, bai kai ƙara ba. Da ya kai, ban san inda za mu tsaya ba. Motar ta shekara ƙarƙashin bedi tana shan rana har fenti ya tashi, na sayar da ita kuɗin babur. Yaron ya girma, ya yi aure, yana ɗingishi. Duk zuwana sai na je na gaishe su, kuma duk ya taso tarbata sai na kalli ƙafar.

Ba ni ce ma kada ka saya ba. Tambaya ɗaya ni ka yi ma: wata goma sha ɗaya da ba ka nan, wa ke da makulli?

Alhaji Idi Sabon Gari: Allahu akbar. Na tuna wanga abu, Mamman. Allah shi kiyaye gaba.

Hadiza Yamai: Amin. Kawu, abin da ya fi ciwo, da takardar na da rai da kamfani ne zai ɗauki shanun da jinyar, don asirans na tilas yana bin motar ne, ko wa ke tuƙi. Sani, in za ka bar ta a gida ka yi na shekara cur, ka sa ranar ƙarewa a wayarka, kada ka bar wa kowa tunawa. In abu ya faru a kira jandarma su yi kwansta, wato rahoton hatsari, a sanar da kamfani cikin kwana biyar na aiki, in sata ce cikin awa 48. Kuma ka tabbata mai tuƙin yana da permi na gaske. In ba shi da shi, kamfani zai biya wanda aka buge, sannan ya juyo kanku ya nemi kuɗinsa. In kuma za a shiga da ita Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, a tambayi kamfanin takardar tsallaka iyaka tun kafin a tashi, ba a bakin shinge ba.

Habu Grinsboro: Kawu, Allah ya ba da lada. Amma a yi adalci, wannan hatsarin ko da Corolla ce zai faru. Ba ƙarfin mota ba ne, amalanke ce babu fitila.

Malam Issufu Lise: Habu, rabin gaskiya ka faɗa. Ni lissafi nake koyarwa. A gudun 100 mota na cin mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙafarka ta bar totur ta taka birki ka riga ka wuce tsawon gida biyu. In ka ninka gudu, nisan da mota ke ci bayan ka taka birki ba ninki biyu yake ba, huɗu ne. Bambancin shi ne Corolla in ta kai 120 tana rawa tana ƙara, ita da kanta tana ce maka ya isa. Wadda Sani ya kwatanta, da bakinsa ya ce a 230 shayi bai motsa ba. Yaro ɗan shekara ashirin da biyu zai kai 160 a hanyar Agye bai ma sani ba.

Sani Buruksel: Kawu, jikina ya yi sanyi wallahi. Gaskiya ban yi tunanin makulli ba. A raina ƙanena Nura zai riƙa tada ta duk Juma'a ya bar ta ta yi minti goma a tsaye, ba fita. Yaro ne mai hankali, ba zai saɓa ba.

Illo Makanise: Tada ta a tsaye minti goma shi ne ma abin da zai toshe matacin da wuri. Ko a tuƙa ta da nisa, ko a cire batir a ɗaga ta bisa duwatsu. Babu tsakiya.

Nura: Yaya, ina wuni. Ina cikin gurup ɗin nan fa, Ɗan Damagaram ne ya sa ni tun azumi.

Ɗan Damagaram: Ni dai ba ruwana.

Nura: Kawu ina gaisuwa, na karanta duka. Yaya, gara in faɗa maka yanzu da a ji daga baya. Permin da nake da shi na babur ne, na mota na fara zuwa makaranta ban gama ba. Kuma tun ranar da ka turo hoton na nuna wa su Bashir, har sun sa ta cikin jerin motocin ɗaukar amaryar Lawali a Madarunfa, wata biyu bayan naka. Ban san za ta zama magana haka ba.

Alhaji Idi Sabon Gari: Mota tana Liyej, an riga an ɗauki amarya da ita a Madarunfa. Maradi ke nan.

Sani Buruksel: Nura, ka kira ni in ka yi isha'i. Rabi'u, na turo maka kart giriz ta akwatinka, a yi lissafin a gani, ban fasa ba tukuna kuma ban biya ba. Baturen ya ba ni zuwa Laraba. Yaya Hadiza, ki faɗa mini na shekara nawa zai kama a lita uku, da kuma nawa a RAV4 mai esans, in kwatanta. Alhaji kada ka yi dariya, tambaya kawai na yi.

Habu Grinsboro: Ko ka saye ta ka ajiye a Liyej wajen wani, ka riƙa shiga Jamus kana huce takaici ranar hutu, gida kuma ka tura wadda Illo ke da kayanta.

Sani Buruksel: Da wane kuɗin, Habu? Aure fa zan yi.

Nura: Yaya, na karanta wa Inna. Ta ce a gaishe da Kawu Mamman, ta ce kuma ita kada a ba ta makullin kowa. Sannan ta ce in tambaye ka, motar tana ɗaukar buhun gero nawa, don bana gonar Safo ta yi kyau kuma mai amalanke ya ƙara kuɗi.

Illo Makanise: Biyu, in ƙanana ne. Na uku sai dai amarya ta riƙe a cinya.